Shagon tsofaffin katunan ƙwallo da na gano a Katsina, ga abin da idona ya gane mani

Tun ranar da na fiddo katin Rashidi Yekini ɗin nan a majalisar mu bayan isha'i mutane ke ta damuna da tambaya, wani yace ina na samo shi, wani yace ai bugun kwamfuta ne an cuce ni, wani kuma tunda ya ji ance katin ƙwallo na kuɗi a Turai shikenan ya ɗauka na tsinci dami a kala. To bari dai in faɗi komai sau ɗaya, mai kyan da mara kyan, don sau uku na je shagon kafin in ce zan yi magana a kan shi.

Shagon bai da allo, bai da suna, in ka zo wucewa zaka ɗauka shagon gwanjo ne kawai irin na rigunan ƙwallo da takalman but, kuma gaskiya da shi ake cin abinci a wurin. Yana nan wani lungu ba nisa da shataletalen Ƙofar Ƙaura, mai keke napep ɗin da ya kai ni ma sai da muka yi tambaya sau biyu. Mai shagon dattijo ne, zai haura sittin, farin gemu, bai da yawan magana sai in an taɓo ƙwallo. Ni dai riga na je nema ma yarona, ina cikin ɗaga rigunan da ke rataye sai na hango wani akwatin gilas can ƙurya ƙura ta rufe shi, a ciki ga wani tsohon albam na Panini, irin na liƙa sitikan 'yan ƙwallo, an rubuta USA 94 a bangon, wato kofin duniyar da aka yi a Amurka a 1994. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Nace Baba wancan fa na saidawa ne? Ya dube ni sama da ƙasa yace ɗana ka san shi ne ko dai kalar ce ta burge ka. Nace Baba ina ɗan firamare aka buga wannan gasa, a tsakar gidan maƙwabcinmu muka kalli wasan Bulgeriya cikin dare a ƙaramar talabijin, ranar da Yekini ya ci ya shige raga ya riƙe ta yana kuka. Bai ce komai ba, ya jawo mani benci yace zauna.

Daga nan fa ya fara fiddo kaya daga ƙarƙashin tebur, gwangwanayen madara manya da kwalayen takalmi da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. Yace mani shekaru sama da talatin yana bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi saro dilar gwanjo, to a can ne yake cin karo da waɗannan abubuwan, wani lokaci a aljihun jaka, wani lokaci cikin kwalin littattafan yara da aka kwaso daga Faransa ko Beljiyam, shi yasa da yawa daga albam ɗin nashi zaka ga rubutun Faransanci ne a ciki. Abokan sana'ar shi zubarwa suke ko su ba masu ƙosai su naɗe, shi kuma yana tsincewa don kawai yana son ƙwallo, ba don ya san wata rana wani zai tambaya ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Panini kamfani ne na Italiya a garin Modena, su suka shahara da sitika ɗin 'yan wasa da ake saye a ƙaramar takarda a rufe, ka buɗe ka ga wanda ka samu, ka liƙa a gurbin shi cikin albam, in ya maimaitu ka yi musaya da abokin ka. Tun kofin duniya na Meziko a 1970 suke fidda albam duk gasa. Mu nan abin da muka taso da shi hotunan cikin cingam ne da kalandar da ake saidawa a bakin kasuwa, shi yasa ganin na asalin a hannu ya taɓa ni sosai. Albam ɗin 94 na Baba bai cika ba, akwai gurabe da yawa fayau, amma shafin Najeriya saura kaɗan, kuma wanda ya fara mallakar shi, wani yaro ne ko waye a can ƙasar su, ya bi ya rubuta sakamakon wasanni da biro shuɗi da irin rubutun yara, Najeriya 3 Bulgeriya 0, Najeriya 2 Girka 0, sannan na Italiya da ya fidda mu 2 da 1 bayan Roberto Baggio ya farke ana saura 'yan mintuna a tashi. Na daɗe ina kallon rubutun nan. Masu tara kaya na can zasu ce biro ya rage mashi daraja, ni kam a wurina shi ya ƙara mashi rai.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan, kuma shi ne babban dalilin da yasa nake cewa ku je, bai ƙarya a kan kayan shi. Na ɗauko wani kati mai sheƙi na Kanu da rigar gasar Olamfik ta Atlanta 96, lamba 4, ya yi kyau ƙwarai har na fara laluben aljihu, sai ya riƙe mani hannu yace a'a ɗana wannan ba na lokacin ba ne, bugun baya-bayan nan ne, ɗari biyar ne in yaron ka zaka ba ya yi wasa da shi. Ya jawo wani ɗan madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ya kunna tocilan ɗin waya yace duba nan. A na asalin in ka ƙura ido zaka ga kalar an yi ta da ɗigo-ɗigo ƙanana a jere tsaf kamar saƙa, baƙin rubutun kuma kaifi gare shi bai da gefe, a jabun kuwa ɗigon a warwatse yake kamar an watsa gero, rubutun ma ya ɗan yi ɓoro-ɓoro. Ya juya bayan yace ka ga takardar wannan fara tas kamar yau aka yanko ta, abu mai shekara kusan talatin a ƙasar nan ai dole ya ɗan yi ja. Ni da ban san komai ba da ya ce mani dubu ashirin zan iya biya in tafi ina murna, kuma ba wanda zai taɓa sani. Mutum nawa ne a kasuwa yau zai hana ka ba shi kuɗi?

Haka muka yi da wata ƙwallo da ke saman kanta, duk jikin ta sa hannu ne da baƙar maka. Na tambaye shi, yace wanda ya saida mashi ya rantse 'yan Super Eagles ne suka sa, amma shi bai ga lokacin da aka sa ba, ba hoto, ba takarda, saboda haka ba zai ɗauki alhakin kowa ba, in zan saya in saya a matsayin tsohuwar ƙwallo. Na bar ta. Kuma shawarata kenan ga kowa, duk abin da aka ce maka wane ya sa ma hannu in ba shaida to kuɗin abin kawai zaka biya ban da kuɗin hannun.

Ɓangaren riguna kuwa nan ne ya fi ƙwarewa don sana'ar shi ce. Yana da koriyar rigar Najeriya ta Adidas ta 94 guda ɗaya, irin wadda aka saida ma 'yan kallo a lokacin, wuyan ya ɗan saki, akwai ɗan ƙunar dutsen guga a gefen ciki, yace ba ta saidawa ba ce ko nawa ne, kuma na ga alama da gaske yake don ko taɓa ta sai da ya sa na goge hannu. Akwai na Nike na shekarun baya, akwai na Ajax na zamanin su Finidi George da Kanu da suka ci kofin zakarun Turai a 1995, akwai na Everton wanda yace saboda Amokachi ya aje. Ya nuna mani yadda ake gane ta da, ka juya ciki ka duba ɗinkin baji, ka duba lebur ɗin wuya da na gefe ko rubutun ya koɗe daidai da shekarun rigar, don yanzu ana ɗinko sababbi da fasalin na da, su ma ba laifi ba ne a saka amma kar a saida maka su da kuɗin tsohuwa. Irin waɗannan sababbin yana da su jibge, dubu takwas zuwa sha biyu, kuma a rataye suke daban ba ya cakuɗa su.

Yanzu bari in zo kan zancen kuɗin Turai da ke ruɗa samari. Eh gaskiya ne ana saida irin waɗannan abubuwa da kuɗin da hankali bai ɗauka. A 2022 rigar da Maradona ya saka ranar da ya ci Ingila da hannu a 1986 an yi gwanjon ta a gidan gwanjo na Sotheby's sama da fam miliyan 7, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya yi musaya da shi bayan wasan ya aje ta duk shekarun nan. A shekarar dai aka saida katin wani ɗan wasan besbol na Amurka, Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, dala miliyan 12.6, katin Pele na 1958 ma ya haura dala miliyan ɗaya. Amma dan Allah ku fahimta, waɗancan sun kai haka ne don ba su da yawa a duniya kuma an aje su kamar ƙwai. Akwai kamfanoni irin su PSA da aikin su kenan, a aika masu kati su duba kusurwoyi huɗu ko sun lanƙwashe, su duba gefe, su duba fuskar ko ta karce, su duba ko hoton ya zauna tsakiya, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi a roba mai tauri. Tsakanin mai maki 10 da mai maki 4 na kati iri ɗaya tazarar kuɗin kamar sama da ƙasa ce. Kayan da ya sha zafin Katsina da hunturu da damina talatin cikin gwangwanin madara ba zai je ko kusa ba. Baba da kan shi ya faɗa mani wasu samari sun zo sun kwashi na Messi da Ronaldo suna lissafin dala, bayan wata ɗaya suka dawo wai ya maida masu kuɗin su. In don ka yi arziki zaka je gara ka zauna gida.

To ga inda raina ya ɓaci, kuma na faɗa mashi a gaban shi ba bayan ido ba. Ajiyar kayan nan ba ta yi ba ko kaɗan. Katuna ɗari-ɗari an ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, robar ta narke da zafi ta manne a jikin na sama da na ƙasa, in ka ɓamɓare sai ta taho da fuskar ɗan wasa, na tsakiyar kuma duk ta yi masu shaida a gefe. Rufin shagon kwano ne ba silin, ƙarfe biyu na rana in kana ciki kamar tanda, akwatin gilas ɗin kuma rana na dukan shi da yamma har bangon albam ɗin kofin duniya na France 98 ya koɗe, shuɗin ya koma fari-fari. Wani kwali da ya jawo daga jikin bango muna buɗewa sai ga gara ta cinye ƙasan, tsofaffin mujallun Complete Football ne a ciki, rabin su sun zama gari. Ya yi shiru yana kaɗe su da hannu, yace damina biyu da suka wuce rufin ya yi yoyo ta nan. Wallahi kamar in yi hawaye.

Abu na biyu laminetin. Waɗanda ya fi so, su ya kai aka yi ma laminetin don yana ganin gata ya yi masu, alhali wannan shi ne ƙarshen kati, zafin injin na dafa takardar kuma robar ba ta sake fita har abada. Akwai na Okocha guda biyu masu kyau da aka yi ma haka. Jama'a duk mai tsohon kati ko hoto ko tikiti a gida kar ya kai laminetin, kar ya sa mashi salatif, kar ya ɗaure da roba. Leda mai tsabta mara gam a ciki, kowane ɗaya da tashi, a sa tsakanin kwali biyu, a aje inda ba rana ba laima kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya wadatar.

Sai kuma farashi, ba a rubuce yake ba, kuma na lura yana ɗan hawa da sauka gwargwadon yadda hirar ku ta yi daɗi. Ni katin Yekini dubu shida ya bar mani, sitika guda huɗu da ba a taɓa liƙawa ba na 98 dubu ɗaya da ɗari biyar kowane, cikin su har da Garba Lawal da Tijjani Babangida, 'yan Kaduna biyu, Garba da ya buga ƙwallon da golan Sifen Zubizarreta ya tura raga da hannun shi ranar da muka ci su 3 da 2, Babangida kuma shi ya ci mana ɗaya tilo ranar da Denmak ta yi mana 4 da 1. Ban ji an cuce ni ba, amma abokina da ya je washegari an faɗa mashi sama da haka a kan irin su. Ba POS, taransifa yake karɓa ta wayar ɗan shi in yana nan, in ba ya nan sai tsaba. Ba rasit. Kuma bai da lokacin buɗewa tsayayye, zuwana na biyu sai da na jira kusan awa ɗaya ya tafi jana'iza, wannan kam ba laifi ba ne, dai ku sani. Bayan la'asar ne aka fi samun shi.

Amma duk wannan na Panini da rigunan Turai ba su ne suka hana ni barci ba. A zuwana na uku ne, da ya ga dai da gaske nake, ya buɗe adakar ƙarfen nan. Ba kati ko ɗaya a ciki, don ni dai ban san wani kamfani da ya taɓa zuwa ya buga katin 'yan wasan mu na gida ba. Hotuna ne irin na situdiyo da na masu ɗauka a bakin fili, da guntayen tikiti, da kalanda da aka naɗe. Ga Katsina United na shekarun casa'in a jere, na gaba a tsugune gola a tsakiya da ƙwallo a hannu, lokacin da suka je wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, duk ba a dace ba, Shooting Stars da Julius Berger da Eagle Cement suka ɗauka. Yaran yanzu da ke cika filin Muhammadu Dikko ko gidajen kallo suna musun Arsenal da Chelsea nawa ne cikin su suka san ƙungiyar garin su ta taɓa yin wannan? Baba yana bin hoton da yatsa yana faɗin wannan ɗan unguwa kaza ne, wannan ya rasu Allah ya jiƙan shi, wannan yana nan yana sana'a kaza, duk a kan shi yake, ba a rubuta ko ɗaya a bayan hoton ba.

Can ƙasan adakar kuma ga wasu baƙi da fari na ƙwallon dawaki, wato folo, mahaya da sanduna da rawuna da hular kwano, yace daga wani gida aka fiddo su za a ƙone da shara ya roƙa aka ba shi. Kowa dai ya san Katsina da folo tun zamanin Sarki Dikko, kuma Sarki Usman Nagogo da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981 sunan shi ya kai ko'ina a wannan wasa. Baba bai ce mani ga wane a hoton ba, yace ba zai laƙaba ma kowa suna ba tunda bai tabbatar ba. Katin Yekini in nawa ya ɓace akwai dubbai irin shi a hannun mutane a duniya, da waya ma zaka iya odar wani. Waɗannan kuwa in gara ta kai gare su shikenan an gama, ba wani kwafi a Modena ko Landan. Su ne kuma yace ba ya saidawa, sai dai ka zauna ka kalla, kuma bai karɓar ko sisi a kan kallon, har shayi ya aika aka kawo mani.

Nace Baba don girman Allah ka bari in zo mu ɗauki hoton su ɗaya bayan ɗaya da waya mai kyau, kana faɗin sunaye ina rubutawa. Ya ɗan yi jim yace ɗana mutane da yawa sun ce zasu dawo. Nace in sha Allahu ni zan dawo.

To wa ya kamata ya je? Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka na Tunisiya 94 da Amunike ya ci Zambiya biyu, ko ya fita titi da ihu daren da Kanu ya kori Burazil 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta, ya je ko ba zai sayi komai ba, ya tafi da yaran shi. Mai neman riga ta asali shi ma ya je, zai samu gaskiya ko bai samu rahusa ba. Ka duba kati da kyau a hasken waje kafin ka biya don cikin shagon duhu ne, ka duba gefen da roba ta ci, kuma kar ka ji kunyar tambayar shi na lokacin ne ko bugun baya, zai faɗa maka. In ana bada maki ne ni na ba gaskiyar shi da sanin shi goma cif, ajiya kuwa uku ma da ƙyar.

Yarona da na je saya ma riga, shekarar shi tara, duk duniya Osimhen da Ahmed Musa ya sani. Da muka dawo gida na nuna mashi katin, yace Abba wannan waye, na zaunar da shi na nemo mashi bidiyon cin Bulgeriya a waya, ya kalla ya fi sau biyar yana tambaya me yasa yake kuka bayan shi ya ci. Na faɗa mashi wannan ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a kofin duniya, kuma mutumin a Kaduna aka haife shi, ƙwallo 37 ya ci ma ƙasar nan, ya rasu a 2012. Yanzu katin na cikin leda tsakanin kwali biyu a saman durowar ɗakina, kullum ya dawo islamiyya sai ya ce in sauko mashi da shi.

Asabar mai zuwa zan koma, na riga na sayi ledoji fakiti uku da robobi masu murfi guda biyu a babbar kasuwa da littafi mai bango mai tauri na rubuta sunaye, wani maƙwabcina kafinta kuma yace zai biyo ni da katako mu ɗaga kwalayen daga ƙasa kafin ruwa ya sauka. Duk wanda ke da tsofaffin hotunan Katsina United ko na ƙungiyoyin unguwa a gidan su, ko baban shi ya taɓa bugawa, ya same mu can bayan la'asar, akwai fuskoki biyu a hoton 96 da Baba yace sunan su ya kwanta mashi.